Da Sauƙi

A Zango, kamar sauran garuruwan ƙasar Daura, idan ka shiga duba marar lafiya ka ce masa "ya jiki?", ka riga ka san amsar tun bai buɗe baki ba. "Da sauƙi," zai ce, ko da numfashi da ƙyar yake fita. Na taɓa jin wannan amsa daga bakin wani dattijon unguwarmu bayan sallar isha'i, washegari da hantsi muka kai shi makwancinsa. Ba wanda ya ce ya yi ƙarya, domin kowa ya san kalmar godiya ce ga Allah, kuma sutura ce da mai ciwo yake lulluɓa da ita don kada ya ɗora wa mai dubiya nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Da wannan tarbiyya muka tashi, ina kuwa alfahari da ita. Ban taɓa zaton wata rana zan shafe kwana talatin ina kokawa da wannan kalma a bakin kawuna ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ne kuma ya biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare lokacin da gidanmu ya gaza. Shekara goma sha tara ya yi yana aiki a siton wata masana'anta a Sharaɗa, cikin Kano, ba ma ganinsa sai da salla ko in an yi rasuwa. Wata safiya ana tsakar lodi tulin buhuna ya rufto masa. Aka yi masa aiki a gadon baya, ya yi wata biyu a gadon asibiti, sannan aka kawo shi gida kwance a bayan mota. Bayan wata shida ya fara takawa da sanda. Duk wanda ya wuce ya gan shi zaune a ƙofar gida bisa tabarma, da carbi a hannu da fara'a a fuska, sai ya yi masa barka da warkewa, shi kuma ya amsa da godiya.

A lokacin ne na fara jin labarin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar diyyar leburori. Dokar ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wani asusu da hukumar NSITF take kula da shi, ba kuwa a yarda ya cire kuɗin daga albashin ma'aikaci ba. Idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, daga wannan asusu ake biyansa, ba tare da sai an tsaya neman mai laifi ba. Wanda naƙasarsa ta zama cikakkiya kuma ta dindindin, doka ta ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda tasa ba ta kai haka ba, ana auna masa gwargwadon abin da raunin ya rage daga ƙarfinsa na neman abinci. Allah Ya taimake mu, an kai rahoton haɗarin a kan lokaci, takardun Kawu kuma sun shiga. Abin da ya rage shi ne awon, awon kuwa likitoci ne suke yinsa.

Na raka shi Kano sau ɗaya ganin likitan da yake bibiyar jikinsa. Likitan, matashi ne mai ladabi, ya gaishe shi ya ce, "Baba, ya ƙarfin jiki?" Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi sosai." Ya tambaye shi ko yana iya tafiya, ya ce yana iyawa. Ya tambaye shi barci, ya ce ba laifi. Ya tambaye shi ko akwai wata damuwa, ya ce babu sai godiya. Likita ya rubuta abin da ya ji, ga kuma layin mutane a waje suna jira. Da muka fito na karanta takardar a tasha: majinyaci yana samun sauƙi, yana tafiya da kansa, ba ya kukan komai. A motar da ta ɗauko mu zuwa Daura, tun kafin mu kai Kazaure gumi ya jiƙa rigar Kawu saboda azaba, ya cije leɓe har ya yi jini. Ban ga laifin likitan ba. Gaisuwa aka ba shi, shi kuma ya ɗauke ta a matsayin bayani.

Bayan wata biyu takarda ta iso, ana gayyatar Kawu ya bayyana gaban kwamitin likitoci a Kano nan da mako biyar, don a tantance girman naƙasarsa. Na lissafa abin da ya rataya a kan wannan zama guda: 'ya'ya bakwai, uku daga cikinsu suna makaranta, gonar gero da ba ya iya nomawa, bashin magani da ya taru a kemis. Na ce a raina, idan ya sake kai musu "da sauƙi", to mun shiga uku. Ba mu da lauya, ba mu da wani babba a Kano. Abin da nake da shi wayar hannu ce mai fasasshen gilashi, da Turancin da Kawun nan ya biya kuɗi na koya.

Dare ya zama lokacin bincikena, domin sai an kwanta sabis yake daidaita. Mu da muke kusa da iyaka, wani lokaci waya takan saki layin Nijeriya ta kama na Nijar, sai ka fita tsakar gida kana ɗaga ta sama kamar mai neman wata. Na fara da wata manhaja mai amsa tambaya. Na ɗauki hoton rahoton asibiti, bayan na rufe sunan Kawu da lambar katinsa da guntun takarda, na ce ta fassara mini. A dare ɗaya na fahimci abin da na yi wata takwas ina kallo kamar hatimi: haruffan L4 da L5 sunayen gaɓoɓi biyu ne na ƙasan ƙashin baya, wajen ƙugu, kuma jijiyoyin da suke sauka ƙafafu ta nan suke fita. Na gane dalilin da ya sa ciwon yake a baya amma ƙafar hagu ce take mutuwa. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji masu iya magana, a wannan dare kuwa na ji kamar an kunna mini fitila.

Daga nan na faɗa cikin bidiyoyi. Galibinsu daga Ingila suke, inda tun 2013 ake biyan naƙasassu wani tallafi da ake kira PIP, wanda ake bayarwa bisa maki bayan ma'aikacin lafiya ya yi wa mutum tambayoyi. Masu bidiyon suna koya wa jama'a yadda za su fuskanci wannan zama. Shawarar da na fi ji ana nanatawa ita ce mutum ya ba da labarin ranar da ciwonsa ya fi tsanani. Wasu sun wuce nan, suna gargaɗin cewa ana lura da yadda ka shigo, da yadda ka zauna, da yadda ka ɗauki jakarka. Na kwana ina saƙa da warwara, na wayi gari da dabarar da a lokacin na ɗauka hikima ce.

Bayan la'asar na same shi a zaure, na ce zan zama likita mu gwada. Ya yi dariya ya ce, "To, Malam Likita, bismilla." Na ce, "Kawu, idan suka ce ku tashi, kada ku yi hanzari. Ku dafa bango, ku yamutsa fuska. Idan suka ce ku ɗaga ƙafa, ku ce sam ba ta ɗaguwa. Sandar nan kuma mu samo ta biyu." Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai, ɗan nan, da furfurata za ka koya mini wasan kwaikwayo? Shekara goma sha tara ban taɓa ɗaukar ko igiyar buhu ta mutane ba. Yanzu abin da zan ciyar da ƙannenka da shi ne kake so in gauraya da ƙarya?" Ya jawo sandarsa ya miƙe, da ƙyar ɗin gaske wadda ban koya masa ba, ya shige cikin gida. Kwana biyu in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta kira ni bakin murhu a rana ta uku. Ba ta dube ni ba, tana ta tuƙa tuwo ta ce, "Kana ta koya masa ciwon da ba shi da shi, ga wanda yake da shi ya ƙi faɗa wa kowa." Na ce, "Inna, wane ciwo?" Ta ce, "Ba a bakina za ka ji ba. Amma ka tambayi kanka, yaushe rabon kawunka da masallacin Juma'a?" Na tsaya ina lissafi. Mutumin da yake iya takawa zuwa bakin titi ya sayo goro, mutumin da a da in yana gari sahun farko ba ya wuce shi, tun da aka kawo shi bai taka masallacin Juma'a ba. Duk mun ɗauka ƙafa ce.

Na koma wayata da kunya, na sauya tambaya. A da ina neman yadda za a burge kwamiti. Yanzu na tambayi yadda mutum zai yi cikakken bayanin halin da yake ciki. Ta wannan hanya na gano wani ma'auni na Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna WHODAS 2.0, wanda aka fitar a 2010, kowa kuma yana iya samunsa a intanet. Akwai dogo mai tambaya 36, akwai gajere mai 12. Ya karkasa rayuwar mutum gida shida: fahimta, motsi, kula da jiki, mu'amala da mutane, aikin gida da na sana'a, da shiga harkokin jama'a. Ba ya tambayar sunan cuta. Yana tambayar wahalar da mutum ya sha wajen yin abu kaza a cikin kwana 30 da suka wuce, amsar kuma hawa biyar ce, daga babu wahala har zuwa ba ya yiwuwa. Likitocin kwamiti suna da nasu ma'aunin da doka ta tanada. Amfanin wannan a wurina shi ne ya nuna mini irin tambayar da "da sauƙi" ba ta isa ta amsa ba.

Na kuma sake duban ƙa'idar Ingilan nan da idon natsuwa, sai na ga ashe masu bidiyon da na bi sun tsallake mafi amfaninta. A ƙa'idarsu ba a cewa mutum yana iya abu sai in yana yinsa ba tare da haɗari ba, yana yinsa yadda ya kamata, yana iya maimaita shi duk lokacin da buƙata ta taso, kuma cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Sannan abin da ake dubawa shi ne halin da mutum yake ciki a mafi yawan kwanaki. Ranar da ta fi muni kaɗai ba ita ce hujja ba, haka ma ranar da ta fi daɗi. Wannan ya warware mini kullin. Ni na so in kai wa likitoci ranar Kawu mafi muni in ce kullum haka yake. Shi kuma ya saba kai musu ranarsa mafi kyau. Dukanmu biyu mun kauce wa gaskiya, kowa ta gefensa.

Sai dai tambayoyin ba da Zango a zuci aka rubuta su ba, dole na yi musu tufafin gida. Inda aka ce tafiyar kilomita ɗaya, na auna da waya na ga daidai yake da daga ƙofar gidan Kawu zuwa tasha. Inda aka ce tsayuwar minti 30, na mai da ita jiran layi a famfon burtsatse. Wasu takardun suna tambayar hawa matakalar bene, gidan Kawu kuwa ko dakali mai tsawo babu, sai na sa hawa bayan babur da tsallake dokin ƙofa. Na ƙara abubuwan da ba su zo a kowace takarda ba: ruku'u, sujada, zaman tahiya, tsugunno a bayan gida, sunkuyawa wanke ƙafa a alwala, ɗaukar buta cike da ruwa, riƙe fartanya. Manhajar ta taimaka mini wajen tsara jadawali, amma ba ta san cewa a wurinmu mutumin da ba ya iya durƙusawa ya gai da na gaba da shi ya rasa wani abu mai girma ba. Wannan sani daga gida ya fito.

Na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, na je na durƙusa gaban Kawu na ba shi haƙuri. Na ce, "Kawu, na yi kuskure. Ba na son ku ƙara ko ƙwayar gero a kan abin da yake akwai. Roƙona ɗaya ne, kada kuma ku rage. Kullum bayan isha'i mu rubuta abin da ya faru a yinin, yadda ya faru." Ya yi shiru, sannan ya ce, "In dai abin da ya faru ne, ba na jin tsoronsa." Muka fara a daren. Da wuya ya saba. In na ce ya ba ciwon maki daga sifiri zuwa goma, sai ya ce shi ba ɗan kasuwa ba ne da zai yi wa jarrabawar Allah farashi. Sai na daina tambayar maki, na koma tambayar aiki: yau sau nawa kuka tsaya hutawa kafin bakin titi? Sallolin yau nawa kuka yi a tsaye? Sau nawa ciwo ya tashe ku da dare? Waɗannan yana amsa su ba gardama, domin ƙidaya ce, ba kuka ba. A mako na farko littafin ya nuna abin da shi kansa bai taɓa haɗawa ba: a salloli talatin da biyar, huɗu kaɗai ya yi a tsaye, ba kuwa daren da ya yi barcin awa uku a jere.

A dare na tara muka iso tambayar shiga harkokin jama'a. Na karanta masa ita a hankali: biki, jana'iza, salla cikin jam'i. Ya ce in bar masa littafin in tafi in kwanta. Da asuba na tarar da shi ajiye a bakin ƙofar ɗakina. Kawu bai yi boko ba, amma ya yi allo, a ƙasan shafin kuwa ya yi layi uku da ajami. Na daɗe ina haɗa baƙaƙen, domin na kwana biyu rabona da irin wannan rubutu. Ya rubuta cewa tun bayan haɗarin fitsari yana zubo masa ba da saninsa ba, cewa wani sashe na jikinsa wajen mazauni ba ya jin taɓi, kuma yana tsoron ya shiga sahu ya ɓata wa bayin Allah wurin salla. Na zauna a ƙasa riƙe da littafin har rana ta fito. Wata tara yana ɗauke da wannan shi kaɗai da Inna, yana zaune a ƙofar gida yana amsa barka da warkewa.

Na rubuta alamomin a manhajar ba tare da suna ko gari ba. A nan ta yi abin da har yau nake gode mata: ta ce ita ba likita ba ce, amma rashin riƙe fitsari da mutuwar jiki a wannan wuri bayan raunin baya alama ce ta cewa jijiyoyi sun taɓu, kuma kada a jira ranar kwamiti, a ga likita da gaggawa. Washegari muka tafi Daura. Na bar su shi da likita, na tsaya a waje. Da aka kira ni, likitan ya ce abu ne da ake son a ji shi da wuri, domin jijiya in ta daɗe a danne ba lalle ta dawo yadda take ba. Amma akwai magani da dabarun da za su rage wahalar, ya kuma rubuta mana takardar ganin ƙwararre a Kano. A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana. Kunyar da muke yabo ta ci mana wata tara, ba mu san kuma me ta tafi da shi wanda ba zai dawo ba.

Saura damuwar salla, wannan kuwa ban kai wa waya ita ba. Na sami limamin unguwarmu na tambaye shi a kaikaice, kamar mai tambaya don wani na nesa. Ya ce malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da yin bayanin wannan lalura, suna kiranta salisul bauli, kuma wanda abin yake lazimtarsa rabin lokaci ko fiye, alwalarsa ba ta warwarewa da shi. Ya yi ƙunzugu mai tsabta ya shiga jam'i kamar kowa. Ya ƙara da cewa faɗa wa likita ciwo ba ya cikin raki da hukuncin Allah, domin Annabi Ayuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, shi ma ya ambaci cutar da ta same shi, ba a kuwa cire shi daga masu haƙuri ba. Ina jin liman ya gane wanda nake nufi, domin da yammacin ranar ya zo da kansa ya zauna da Kawu a zaure, suka daɗe.

Ranar kwamiti muka bar Zango kafin asuba. Na jera takardun bisa kwanan wata kamar yadda na koya: rahoton haɗari, na aikin tiyata, hotunan ƙashi, takardar likitan Daura, sannan taƙaitaccen bayani shafi ɗaya da na fitar daga littafin na buga da Turanci. Likitoci uku ne a ɗakin, babbarsu mace ce mai gilashi. Aka ba ni izinin zama a gefe, da sharaɗin kada in sa baki. Ta dubi Kawu ta ce, "Baba, sannu da hanya. Ya jiki?" Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Gabana ya faɗi. Sai ya gyara zama ya ci gaba: "Wannan gaisuwa ce, Likita, ita muka gada. Amma abin da kuka kira ni dominsa yana cikin littafin nan, zan kuma faɗa muku da bakina."

Ya faɗa. Ya ce yana kaiwa bakin titi, amma sai ya huta sau uku, in ya je kuma ranar ba ya sake fita. Ya ce a kwana talatin, shida ne ya tashi da dama-dama, ya ambaci shidan bai ɓoye su ba. Da aka ce ya ɗaga ƙafar hagu, ya ɗaga iyakar inda take kaiwa, bai rage ba. Da aka iso maganar da ta fi nauyi, ya dube ni, na tashi na fita. Na tsaya a baranda ina kallon masu sayar da ruwan leda, ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa ta bayan ƙofa ba tare da na gane kalmomin ba. Sun fi rabin awa. Da ya fito idanunsa sun yi ja, amma ya ce mini, "Ashe faɗar ba ta kisa."

Sakamakon ya zo bayan wasu watanni. An rubuta masa naƙasa ta dindindin wadda ba cikakkiya ba, aka yanka masa abin da zai riƙa karɓa duk wata. Kuɗin ba su kai abin da na yi mafarki ba a daren da nake kallon bidiyo, tsadar kaya kuma tana cinye su tun wata bai raba ba. Amma sun mai da yara uku aji, sun biya bashin kemis, kuma Kawu yana karɓarsu da zuciya ɗaya. Na sha tunanin inda za mu kasance da ya bi shawarata ta farko. Likitocin da suka shekara suna duba baya da ƙafa ba za su kasa gane ɗingishin aro ba, in kuwa suka kama ƙarya ɗaya, gaskiyar da take biye da ita ma ta zama abin zargi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da kuma ya bi tasa al'adar, da an sallame shi da rubutun "yana samun sauƙi" a karo na biyu.

Labari ba ya ɓuya a gari irin namu. Tun daga lokacin mutum biyar suka zo mini da takardunsu, daga cikin Zango da Yardaje da Rogogo. Ɗaya ma'aikaci ne da ciwon ido ya hana shi aiki, yana neman ritaya bisa dalilin lafiya, abin da Dokar Fansho ta 2014 ta yarda da shi in ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar. Kowa ya zo, sharuɗɗana uku ne: ba na ɗora sunan mutum ko lambarsa a intanet, abin da manhaja ta faɗa game da jiki sai likita ya tabbatar, abin da ta faɗa game da doka sai na gan shi a cikin dokar kanta, domin na kama ta tana kawo mini ƙa'idar wata ƙasa kamar tamu ce, sannan ba na taya kowa ƙari. Mutum ɗaya ya ji sharaɗi na uku bai sake dawowa ba. Sauran huɗun, matsalarsu irin ta Kawu ce: sai an yi da gaske kafin su yarda su ce "ba na iyawa".

Ina sane da cewa Kawu yana cikin 'yan kaɗan masu sa'a. Mafi yawan naƙasassun da nake gani a Zango manoma ne, da 'yan acaɓa, da waɗanda shan inna ta kama tun suna yara. Ba su da takardar ɗaukar aiki, balle asusun da za su nemi diyya daga gare shi. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan masarauta tamu, ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta tanadi takardar shaidar naƙasa da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, aka kuma kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Duk ranar da waɗannan tanade-tanade suka iso ƙauyukanmu da gaske, ta gaban likita za a bi, kuma mutanenmu za su shiga ɗakin da gaisuwar da suka gada. Za su buƙaci wani ya zauna da su tun kafin ranar, da waya ko ba waya, ya taya su ƙidaya.

Kawu ya koma masallacin Juma'a. Yaro yana riƙe masa kujerar roba, yana zama a ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Littafin yana nan cikin akwatinsa tare da takardun gona, ya hana ni yaga shafin ajamin. Ranar Juma'ar da ta wuce, muna fitowa, wani tsohon abokinsa ya riƙe hannunsa ya ce, "Ya jikin?" Kawu ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ban ce komai ba, na karɓi kujerar daga hannun yaron muka kama hanyar gida, muna tsayawa inda ya saba hutawa.